Ƙanzon da Na Ajiye a Kan Dutse

Akwai labarin da kuke bayarwa a kaina wanda nake so mu gyara tun ina da sauran numfashi. Na ji shi a bakin ɗana Yusufa ranar suna, na ji shi a bakin matarsa tana waya da danginta na Makka, har jikokina da Hausarsu ba ta zauna ba suna ba da shi da Larabci a makaranta. Wai kakarsu tana kan darduma a can ƙarshen duniya, sai dabbar nan beyar, wadda mu nan Jidda muke ce wa dubbu, ta zo har gabanta ta tsaya, ƙarfin addu'a ya sa ta juya. Labari mai daɗi, wallahi da wata aka yi wa shi da ni ma na yaɗa. Amma ba haka aka yi ba. 'Yata Rahma tana wurin, ta kuma sani, ta dai yi shiru ne don ta rufa mini asiri. To ni na gaji da rufin nan, sai ku gyara zama ku ji.

Kun san shekara talatin da 'yan kai na yi ina sayar da abinci a ƙofar gidanmu na Karantina. Masa da safe, da rana kuma shinkafa da kifi, irin sayadiyyar da wata maƙwabciyata 'yar Yaman ta koya mini har na zo na fi ta. Ba yabon kai ba, ba a wuce tukunyata ba a waiwaya ba, daga direba har ɗan sanda. Idan an tashi ciniki sai in kankare ƙanzon tukunya, in jiƙa shi da romo, in haɗa da kawunan kifi, in kai bisa katangar bayan gida in ajiye wa kyanwoyin unguwa. Gutsuren burodi kuma na tattabaru ne. Haka uwata ta koya mini tun muna Damagaram, cewa abinci ni'imar Allah ce, ba a haɗa ta da shara, duk abin da ya rage akwai mai rabo da shi. Mahaifinku Malam Ilu, Allah Ya jiƙansa, idan ya ga kyanwoyin sun jeru a katanga suna jirana sai ya ce:

"Balki, ke fa iyali biyu gare ki. Ɗaya da takardar iƙama, ɗaya babu."

Shekarar da aka rushe unguwar, da safe muka tashi muka ga an rubuta ikhla da jan fenti a bangonmu, wato a tashi. Muka kwashe abin da zai kwasu, na koma wurin Yusufa a unguwar Mahjar, hawa na uku, ɗaki mai kyau da na'urar sanyi, ban ce an rage ni da komai ba. Tukwane na kawo, hoton mahaifinku na kawo, amma kyanwa ba ta shiga kwali. Bayan wata guda na matsa wa Yusufa ya kai ni in gani. Ban gane inda ƙofata take ba, fili ne kawai da tarin bulo da katafila a gefe. Na yi ta kira, mus mus, kamar mahaukaciya, ko ɗaya ba ta fito ba. Daga ranar na daina girki, na kuma rage magana. Idan na ga surukata tana share ragowar shinkafa cikin baƙar leda sai in shige ɗaki in ja ƙofa. Ba laifinta ba ne, a hawa na uku ina za ta kai?

Yusufa ne ya kira ƙanwarsa Rahma, wadda take aikin jinya a Kanada, ya ce mata Ummi fa tana narkewa muna kallo. Shi ya yi ta zarya wurin kafili, wato wanda ya tsaya mana a takardar zama, har bizar fita da dawowa ta fito, ita kuma ta yi nata ɓangaren. Da bazarar can ta kama na sauka wurinta. Na yi mako biyu a kujera ina kallon taga, sai wata rana ta dawo daga aiki ta tsaya a kaina.

"Ummi, halas, zaman nan ya isa. Na saka sunanmu a wata tafiya. Kwana bakwai a daji, bakin teku, cikin tanti, za mu kalli dubbu."

"Dubbu kuma? Me na yi miki, Rahma? Idan gajiya kika yi da ni, ai jirgin Jidda yana nan."

"Ke da ba ki cin abinci sai kin ga dabba ta ci? Yalla, tashi ki gwada takalmin nan."

Jirgi biyu muka hau, na biyun ɗan ƙarami ne da ke sauka a kan ruwa, ban buɗe ido ba sai da ya tsaya. Ni da na yi rayuwata a bakin teku na ɗauka na san teku. Wannan daban ne. Ruwa baƙi ƙirin, sanyi har cikin haƙori, duwatsu da farar ƙanƙara a kansu, ciyawa har ƙugu, ba gida, ba hanya, ba kiran salla. Rana kuma ba ta da niyyar faɗuwa, sai da Rahma ta duba waya ta ce Ummi lokacin isha ya yi, na ce wace isha ga gari tangaran? Mu bakwai ne baƙi, sai jagorarmu, wata mata mai furfura sa'ata, siririya, mai suna Marta, wadda ta ce shekara goma sha tara tana kafa tanti a wannan gaɓar duk bazara. Tantunan suna cikin wata waya mai wutar lantarki da aka zagaye su da ita. Tun kafin mu ajiye jaka ta tara mu ta karanta mana doka, Rahma tana juya mini da Hausa. Ba mai fita shi kaɗai. Ba mai gudu. Abinci da sabulu da duk wani abu mai ƙamshi, cikin wani duron ƙarfe mai murfi yake kwana, har turarena na oud sai da na miƙa. Ragowar abinci kuwa ko ƙwayar shinkafa ce ba a barinta a ƙasa. Ina so ku riƙe wannan, domin kada wani ya ce ban ji ba ko ban gane ba. Na ji sarai, Rahma ba ta rage mini ko kalma ba.

Washegari da ruwan teku ya janye, Marta ta jera mu a kan wani gungume muka zauna shiru. Can sai ga wata dubbu ta fito daga ciyawa, ya Latif! Girmanta ya kai na saniya, gashinta ruwan ƙasa, kunnenta na hagu a yage, ga 'ya'ya biyu suna bin ta suna tuntuɓe. Ko kallo ba mu ishe ta ba. Ta sa hannu tana tona yashi tana ciro katantanwar ruwa, ta fasa da farce ta lashe, 'ya'yan suna kwaikwayonta ba sa samun komai sai laka a hanci. Ɗayan ya gaji ya je ya ƙwace na bakinta, ta kai masa mari ya wuntsila, ya tashi ya sake dawowa. Sai na ji dariya ta kufce mini, na toshe baki da mayafi. Na ce wa Rahma wannan Yusufa ne sak yana yaro. Rahma ta dube ni idonta ya ciko, ashe shekara guda ke nan ba wanda ya ji dariyata. Marta ta raɗa mana cewa ta san wannan uwar tun tana 'yar ƙarama a bayan tata uwar, kuma ba ta taɓa kusantar tanti ba.

Ran nan da yamma hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na ga Marta tana shirin dafa shinkafa da wani jan kifi da jirgi ya kawo, tana neman ta ɓata su duka biyun. Na ce Rahma ki ce mata ta matsa. Na soya albasa har ta yi duhu, na yi musu sayadiyya a kan ɗan murhun gas. Turawan nan suka ci suka suɗe cokali, wani dogo mai kyamara har da ƙari biyu. Raina ya yi fari. Da aka gama na kankare ƙanzo, ga fatar kifi, ga ƙaya, sai Marta ta miƙo mini leda ta nuna duro.

"Tambaye ta, Rahma, idan an sa a duron sai a yi yaya da shi?"

"Ta ce jirgi zai mayar da shi gari a zubar."

"A zubar? A hau jirgi da ni'imar Allah don a kai ta bola?"

"Ummi, don Allah. Dokarsu ce."

Na zuba mafi yawa a ledar. Amma cikin tafin hannu guda na ƙulle a gefen mayafina, kamar yadda nake ƙulle goro. Da asuba muka fita ni da Rahma zuwa wani ɗan rafi a bayan waya don in yi alwala, tana tsaye tana duban daji ta ba ni baya, na kwance ƙullin na juye a kan wani faffaɗan dutse na ce bismilla. Na ce a raina ai na tsuntsaye ne, ga su nan farare suna ta shawagi. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban ji irinsa ba tun ranar da na bar katangata. Washegari na tarar dutsen fes, sai na sake. Rana ta uku ma na sake.

A safiya ta huɗu ina kan darduma a ƙofar tanti ina lazimi, sai na ji wani huci. Na ɗaga kai. Mai yagaggen kunne ce a kan dutsena tana lasa, 'ya'yanta a bayanta. Ta gama, ta ɗaga hanci sama, ta biyo sawuna tiryan-tiryan har bakin waya, tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma uku ba. To ga inda labarinku ya samo asali. Gaskiya ne ina kan darduma, gaskiya ne bakina yana motsi, amma ko fatiha ban iya haɗawa ba don tsoro. Marta ce ta fito tana daka tsawa da wata murya da ban san tana da ita ba, ta harba wata 'yar bindiga mai ƙara da tartsatsin wuta a sama. Dabbar ta ja da baya, ta tsaya ta sake duban tantunan, sannan ta kora 'ya'yanta suka shiga ciyawa ba da sauri ba.

Marta ta tara mu. Ta yi magana a hankali, Rahma tana juya mini. Ta ce dole da azahar ta kira ma'aikatan gandun daji ta oba-oba ta faɗa musu. Ta ce beyar da ta fara zuwa wurin mutane haka kawai, ba dalili, kuma ƙara ba ta firgita ta sosai, a wurinsu ta zama haɗari, ƙarshenta harbi ne. Idan aka harbe uwar kuma, 'ya'yan nan ba za su ga ƙarshen sanyin bana ba. Ta ce abin da ya ɗaure mata kai shi ne ba ta san me ya canza ta ba. Ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya ta tambaya ko wani ya yar da wani abu, ko da bisa kuskure. Kowa ya girgiza kai. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na girgiza nawa.

Na koma tanti na zauna. Ku da kuka san ni kun san ba na iya jure kunya a gaban baƙi. Tsohuwa da ni, hajiya, baƙar fata ɗaya tilo da 'yarta a cikin Turawa, in tashi in ce ni ce na karya doka saboda ƙanzo? Me za su ce da mu? Me za su ce da Rahma da ta kawo ni? Zuciyata ta yi ta kawo mini hanyoyi, ta ce ai jibi za ku tafi, ta ce ai dabba ce, ta ce wa ya gan ki. Sai na tuna ni ina tsaye a filin Karantina ina kiran mus mus ba mai amsawa. Waɗancan ba ni na rushe musu katanga ba, amma wannan da hannuna na kira ta. Na ga ɗan nan mai laka a hanci yana zagaya gawar uwarsa. Rana ta kusa tsakiya na ji Marta tana taɓa oba-obar tana ƙara. Na kama hannun Rahma.

"Tashi ki raka ni. Za ki juya mini magana, kuma kada ki gyara ko kalma ɗaya."

Na faɗa mata a hanya. Ta tsaya cak, fuskarta ta sauya.

"Ummi! Ina tsaye a wurin? Ina gadinki?"

"Kina tsaye."

"Kin san abin da kike so in faɗa a gaban mutanen nan kuwa?"

"Na sani, ya binti. Ni na dafa, ni zan kwashe. Ke baki kawai za ki ara mini."

A gaban kowa na faɗa, kwana uku, da dutsen, da ƙullin mayafi. Rahma ta juya duka. Dogon nan mai kyamara ya yi jajir ya fara faɗa, ban buƙaci a juya mini nasa ba. Marta ta yi tambaya ɗaya, ta ce me ya sa. Na ce a gidanmu ba a zubar da abinci, kuma ina da waɗanda nake ba wa shekara talatin, an wayi gari ba su. Sai Marta ta ce in kai ta wurin dutsen.

Abin da ta gaya wa ma'aikatan ta oba-oba shi ne an san dalili, an san wurin, sau uku ne kacal, laifin mutum ne ba na dabba ba. Suka yi ta magana, ni dai ina tsaye ina jin ƙarar na'ura. A ƙarshe suka ce za a ba ta dama. Sharaɗin shi ne a tashi sansanin gaba ɗaya a ranar, kada a sake kafa tanti a gaɓar har bazara mai zuwa, don idan ta dawo ta tarar ba kowa ba komai, ta manta. Idan kuma baɗi ta sake nufo mutane, to halas, sai harbi. Kun ga abin da cikin tafin hannu na ƙanzo ya jawo: baƙi shida sun rasa sauran kwanakinsu, Marta ta rasa sauran bazararta a wurin da ta fi so a duniya. Kafin jirgi ya zo, ni da ita muka durƙusa muka wanke dutsen da ruwan zafi da wani magani mai warin asibiti, muka goge da burushi har hannuna ya sage, sannan muka mirgina shi cikin rafin muka kife. Ba mu da yaren da za mu yi wa juna magana. Da muka miƙe gwiwoyinmu suka yi ƙara tare, ta dube ni, na dube ta, ta ɗan yi murmushi ta kama ni na tsaya daidai.

A cikin jirgi ba wanda ya kalle ni. Rahma ma ba ta yi mini magana ba sai da muka isa gida ta ajiye jaka. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta zo ta zauna a ƙasa ta ɗora kanta a cinyata kamar tana 'yar shekara biyar.

"Na ji kunya yau, Ummi, kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma da kin yi shiru na gano daga baya, ban san yadda zan ƙara kallonki ba."

Na dawo Jidda da wannan dabba a cikin raina. Duk lokacin sanyin nan, ni ina Mahjar ina shan iska a baranda, ita tana can cikin rami a ƙarƙashin ƙanƙara, ina sa ta a addu'a bayan kowace salla, har Yusufa ya ji ni ya ce Ummi wace ce mai yagaggen kunne, 'yar Karantina ce? Na ce 'yar uwata ce, ba ka san ta ba. A cikin watannin nan ne na koma kicin na karɓi tukunya daga hannun surukata. Na kuma gano cewa a bayan benenmu, wajen da ake ajiye motoci, akwai wata gajeriyar katanga da kyanwoyi huɗu ramammu da ba su da kowa. Hawa uku ne, gwiwata tana ƙorafi, amma ina sauka kullum bayan la'asar. A nan an san kyanwa da mutum tare suke zaune tun fil azal, ba wanda za a harba don ya ci ƙanzona. Kafin in fara sai da na tambayi mai gadin benen ko akwai wanda abin zai cutar, ya dube ni kamar na zauce.

Da bazara ta zagayo, wata rana ina tsinke zogale sai wayata ta yi ƙara, saƙon Rahma ne, hoto da murya. Na buɗe hoton na kai shi kusa da ido. Ga gaɓar, ga rafin, ga tantuna can nesa cikin wayarsu. Ga ta nan a tsakiya da kunnenta a yage, ta yi ƙiba, ga wasu samari biyu a bayanta sun kusa kai kafaɗarta. Na danna muryar, na ji Rahma tana dariya tana kuka a haɗe.

"Ummi, Marta ce ta aiko. Ta ce in gaya miki mako uku ke nan da suka kafa tanti. Kullum da safe tana bi ta bakin rafin da 'ya'yanta, ta wuce daidai inda dutsenki yake, ko waiwaya ba ta yi."

Na ajiye tiren zogalen na fuskanci gabas na yi sujada a kan tayil ɗin kicin, surukata ta shigo a guje ta ɗauka faɗuwa na yi. To wannan shi ne labarin, haka nake so ku riƙa ba jikokina shi, da ƙanzon, da girgiza kan da na yi, da komai. Shekara talatin ina alfahari ba a wuce abincina ba a waiwaya ba. Ranar da aka wuce shi ba a waiwaya ba, ranar ce na fi kowace rana farin ciki.